Yadda Ake Koyar da Karatun Taswira a Babbar Sakandare, Daga Filin Makaranta Zuwa Takardar Jarrabawa

Duk malamin labarin ƙasa da ya taɓa tsaron ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO ya san shirun da ke sauka idan aka raba taswira. Yaro zai buɗe ta, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ga layuka masu ruwan ƙasa sun cukuɗe kamar zaren da kaza ta shiga, sai ya ɗago kai yana kallonka. Tambayar taswira kuwa ta dole ce, ba a tsallake ta. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma na tabbata yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Shi ne fa yake kai awaki kiwo ya dawo bai ɓata ba, ya san inda ruwa ke kwanciya a unguwarsu da lungun da yake bi ya fita. An dai miƙa masa takarda ne tun kafin a nuna masa cewa ƙasar da yake takawa ce aka kwantar a kanta.

Saboda haka tsarin da zan ba ka, sabon malami, daga ƙasa yake tashi ya hau takarda. Taswirar jarrabawa ba za ta shigo aji ba sai a mataki na 7. Aikin yakan ci mini mako 6 zuwa 8.

Kayan aiki

- Taswirar yanayin ƙasa mai ma'aunin 1:50,000 ko 1:100,000, aƙalla guda ɗaya ga kowane rukuni. Fara tambayar malamin da ke kula da jarrabawa, domin sau da yawa ragowar na shekarun baya suna jibge a kabad. In babu, ka nemi ofishin safiyo na jiharku.
- Yumɓu kamar cikin kwano biyu ga kowane rukuni. Masu ginin tukwane za su ba ka a kuɗi kaɗan. Ƙasar suri ma tana yi in an kwaɓa ta sosai.
- Zaren ɗinki, tsinken tsire, farar takarda, kwali, fensir, rula, da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi.
- Tef na awo irin na magina. In babu, igiya mai tsawon mita 10 da aka ɗaure wa ƙulli a kowace mita.
- Sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamar mita ɗaya, da duwatsu ƙanana.
- Kamfas, ko wayar hannu mai kamfas a ciki.
- Alli mai launi: shuɗi, ja da ruwan ƙasa. Wannan da kuɗina nake saye, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Gargaɗi a kan fotokwafi. Taswirar asali da launi take magana: ruwa shuɗi, layukan tsayi ruwan ƙasa, daji kore. In ka yi mata kwafi baƙi da fari, rafi da hanyar ƙafa da layin tsayi duk sai su zama abu ɗaya. In ba ka da kuɗin mai launi, ka zauna da shuɗin biro ka bi kowane rafi a kan kowane kwafi. Aikin yamma ɗaya ne, kuma monitoci biyu za su iya taya ka.

Mataki na 1: Ka shirya kanka da jadawali

Tun makon farko na zango, kafin a kafe jadawali a bango, ka je wajen mai tsara shi ka roƙi darasi biyu a haɗe sau ɗaya a mako, kuma da safe. Minti 40 ba ya isa a fita fili a dawo. Kafin yara su jeru, a raba kaya, a tsawata wa masu surutu, an buga ƙararrawa. In an hana ka, ka yi musaya da wani malami na makonnin nan kawai. Malamin lissafi ya fi saurin yarda, domin rabin abin da za ka koyar nasa ne.

Ka raba ajin rukuni-rukuni, mutum 8 zuwa 10, kowane da shugaba da marubuci da mai kula da kaya. A ajin da ya haura mutum 80, in ba ka yi haka ba, yara goman da ke gaba ne kawai za su koya. Ka rarraba masu ƙoƙarin, kada su taru a rukuni ɗaya.

Sannan ka ɗauki taswirar da za ka yi aiki da ita, ka warware kowace tambaya da hannunka a gida, ka rubuta amsar a bayan littafin shirin darasinka. Na taɓa shiga aji da taswirar da ban duba ba, na ɗauka tsayin da ke jikinta mita ne alhali ƙafa ne, na kai ajin gaba ɗaya ga amsar da ba daidai ba. Sai da na yi mako guda ina cire wannan kuskuren daga kawunansu.

Maganar harshe kuma: jarrabawa da Turanci ake yin ta, amma fahimta da harshen da yaro ke tunani da shi take shiga. Ka yi bayani da Hausa har sai ka ga idanu sun buɗe, sannan ka rubuta kalmar Turancin a allo, a maimaita ta, a rubuta ta a littafi kusa da ta Hausar. Kowane yaro ya ware shafi biyu na ƙarshen littafinsa don wannan ƙaramin ƙamus.

Mataki na 2: Kallo daga sama

Ka ajiye bokiti, kofi da littafi a tsakiyar aji. Ka ce kowa ya zana su. Duk za su zana su daga gefe. Sai ka kira mutum ɗaya ya hau benci ya leƙo su daga sama ya faɗi abin da ya gani: bokiti ya zama da'ira, kofi ƙaramar da'ira, littafi mai kusurwa huɗu. Ka ce musu taswira idon shirwa ce, abin da take gani in tana shawagi a kan gari.

Daga nan kowa ya zana ajin kamar an yaye rufin kwanon an leƙo: ƙofa, tagogi, allo, layukan benci, da ɗigo a inda shi yake zaune. Kuskuren da za ka fi gani shi ne a zana benci daga sama amma a zana ƙofa a tsaye da mariƙinta. Ka zagaya kana tambaya, "Shirwa za ta ga mariƙin ƙofa?" Su da kansu za su goge.

Mataki na 3: Ma'auni, da ƙafa

Ka auna ajin da tef. A ce ya ba da mita 9 a tsawo, 7 a faɗi. Ka tambaye su yadda za a sa mita 9 a shafin littafi. Wani zai ce a rage. Da nawa? A nan ne za a yarda cewa santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin mita 1 a ƙasa. Tunda mita ɗaya santimita 100 ce, sai ka rubuta 1:100. Wannan shi ne ma'auni, kuma da suka ga daga inda lambar ta fito, ba za ta ƙara ba su tsoro ba.

A darasi na gaba a fita fili. A shimfiɗa mita 100 da igiya, kowane yaro ya taka ta sau biyu da tafiyarsa ta yau da kullum yana ƙirga taku. Wanda ya samu taku 130, takunsa ya kai kamar santimita 77 ke nan. Yanzu kowa na da tef a ƙafarsa. Kowane rukuni ya ɗauki ɓangare ɗaya na makaranta, wannan daga ƙofar shiga zuwa ofishin shugaba, wancan daga masallaci zuwa famfo, su auna da taku, su zana da ma'aunin santimita 1 a madadin mita 10, wato 1:1,000. A ƙarshe a haɗa ɓangarorin a kan kwali ɗaya.

Ba za su haɗu daidai ba, kuma haka nake so. Rukunin da ginin ajinsu ya fito ya fi filin ƙwallo girma su koma su sake aunawa. Ka lura da masu buɗa ƙafa don su gama da wuri, su ne ke ɓata lissafi.

Mataki na 4: Ina arewa take?

In ka ce wa yaranmu su nuna gabas, yawancinsu alƙibla za su nuna, domin a bakinmu fuskantar gabas da fuskantar alƙibla abu ɗaya ne. Kada ka ce sun yi kuskure ka wuce, a nan darasin yake. Daga Kano, alƙibla tana kan kusan digiri 68 ne daga arewa, ita kuwa gabas ta taswira tana kan digiri 90. Wato mai salla ya ɗan karkata zuwa arewa. Ka tsaya da su a gefen masallacin makaranta da kamfas su gani da idonsu. Daga wannan misali ɗaya za su riƙe ƙa'idoji uku: daga arewa ake fara ƙirga, ana bin yadda hannun agogo ke juyawa, kuma da lamba uku ake rubutawa, 068°. In ana son hanyar dawowa sai a ƙara 180, ya zama 248°. In lambar farko ta haura 180, ragewa ake yi.

In babu kamfas, ka kafa sanda a fili mai laushi da misalin ƙarfe 10 na safe, a sa dutse a kan ƙarshen inuwarta. Bayan kamar rabin sa'a a sa wani dutsen a inda ƙarshen inuwar ya koma. A ja layi tsakaninsu. Dutsen farko yana wajen yamma, na biyu yana wajen gabas. Yaro ya sa ƙafar hagu a dutsen farko, ta dama a na biyu, to gabansa arewa ce. Ba daidai take ɗari bisa ɗari ba, amma ta isa aikin aji.

Kada ka koya musu cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. Littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai ne ke faɗin haka. Mu a nan, a wajen Kano da ke kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, inuwar tsakar rana sai ta faɗi kudu.

A koma kan kwalin taswirar makaranta a sa mata kibiyar arewa, da suna, da ma'auni, da makullin alamomi, wato bayanin abin da kowace alama ke nufi. Ka liƙa ta a bangon aji. Tasu ce, za ka ga ba mai yaga ta.

Mataki na 5: Dutsen yumɓu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma in lokaci ya ƙure maka ka rage ko'ina amma ban da nan. Layukan tsayi, waɗanda littafi ke kira kwantuwa, su ne ke kayar da yara, domin ana so su kalli shimfiɗaɗɗiyar takarda su ga tudu da kwari.

Ka kwaɓa yumɓun tun jiya, ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Taurinsa ya zama kamar na tuwon da ya kwana. In ya yi ruwa, dutsen zai zauna da zarar an taɓa shi. In ya bushe, zare ba zai shiga ba, sai dai ya farfashe. Na gamu da duka biyun kafin na gane.

Kowane rukuni ya gina dutse a kan kwali, tsayinsa kamar santimita 10 zuwa 12. Sharaɗi ɗaya: gefe ɗaya ya miƙe tsaye, ɗaya gefen ya gangara a hankali. In suka yi shi kamar mulmulen fura, kowane gefe daidai, darasin ya lalace, don ba abin da za a kwatanta. Sai su bi wannan tsari:

1. A soka tsinke biyu daga ƙololuwa har ƙasa, a ɗan nesa da juna, su huda kwalin, sannan a zare su. Ramukan nan biyu su ne za su riƙa nuna mazaunin kowane yanki.
2. A tsayar da rula a gefen dutsen, a yi ɗigo a jikinsa a kowace santimita 2, a zagaye shi.
3. A naɗe zare a yatsu biyu, a ja shi a kwance ta kan ɗigon da ya fi kowane tsayi, a yanke kan dutsen kamar yadda ake yanka dafaffen ƙwai da zare. A ajiye yankin a gefe. A ci gaba har ƙasa.
4. A ɗauki farar takarda a yi mata ɗigo biyu daidai da ramukan tsinken. A ɗora yanki mafi girma, ramukansa a kan ɗigon, a zagaye gindinsa da fensir, a ɗauke. A ɗora na biye da shi, a zagaye. Haka har na ƙarshe.
5. A rubuta tsayi a jikin kowane layi: 0, 2, 4, 6, 8, 10.
6. A mayar da yankunan a kan juna, dutse ya dawo, a ajiye shi kusa da takardar.

Yanzu ka yi shiru ka bar su su kalla. Ba ya wuce minti biyu wani zai ce, "Malam, ta nan da dutsen ya miƙe, layukan sun matsu." Wannan jimlar ita ce abin da ka zo koyarwa, kuma ta fi daraja da ta fito daga bakin yaro. Ka sa shi ya maimaita ta da ƙarfi, ka rubuta a allo: inda layuka suka matsu hawa ne mai wuya, inda suka buɗe gangare ne mai sauƙi, inda babu su fili ne shimfiɗaɗɗe. Ka ƙara tambaya ɗaya: akwai inda layi ya haye wani? Babu, domin wuri ɗaya ba ya zama da tsayi biyu.

In ba a samu yumɓu ba, babban dankalin Hausa da aka raba biyu a tsawonsa yana yin aikin, kai ne dai za ka riƙe wuƙar, ba yara ba. Ko kuma a sa ƙaton dutse a baho, a riƙa zuba ruwa santimita 2 a kowane zubi, ana zagaye bakin ruwan da ƙusa. Wannan hanya tana nuna abu ɗaya da kyau: layin tsayi shi ne inda bakin ruwa zai tsaya da ruwa zai taso ya kai wannan tsayin.

Kafin a tashi, ka fito da tsohuwar takardar naira 100 mai hoton Dutsen Zuma a baya. Ka ce su zana yadda layukansa za su kasance daga sama. Wanda ya matse layukan a gefe ya bar fili a tsakiya ya gane.

Mataki na 6: Kwari da hancin tudu

Layukan kwari da na hancin tudu, wato ɓangaren tudu da ya miƙo cikin fili, kamanninsu ɗaya: dukansu sun lanƙwashe kamar bakin kibiya. Bambancin yana ga inda tsinin ya nufa.

Kowa ya dunƙule hannunsa na hagu. Gaɓoɓin nan huɗu da suka taso duwatsu ne, tsakanin yatsu kwari ne, bayan kowane yatsa hancin tudu ne. Da biro a zagaye kan kowace gaɓa, sannan a ja layi a ƙasa da su wanda ya ratsa yatsun duka a tsayi ɗaya. A buɗe hannu a shimfiɗa shi a benci. Ga taswira a bayan hannu. A tsakanin yatsu tsinin layin ya nufi sama, wajen gaɓoɓi. A kan yatsa ya nufi ƙasa. Ƙa'idar ke nan: a kwari tsini yana nuna inda ruwa ya fito, ruwa kuma yana gudu ta inda bakin ya buɗe.

A nan nake kawo maganar koguna, domin yara su san abin ba na yatsu kaɗai ba ne. Ruwan da ya sauka a Kano yana bin kogin Challawa da kogin Kano ya shiga kogin Haɗeja, ya nufi gabas wajen Tafkin Chadi. Wanda ya sauka a Kaduna kuwa kogin Kaduna ne ke kai shi kogin Neja, ya wuce Lakwaja inda Binuwai ke haɗuwa da shi, ya faɗa teku. Tsakanin biyun akwai doron ƙasa da ke raba ruwa, kamar tsakiyar rufin kwano. Ka sa su nemo irin wannan doron a filin makaranta bayan an yi ruwan sama.

Mataki na 7: Yanzu a raba taswira

Ka hana kowa duba tsakiyarta tukuna. A fara da gefe, kullum a wannan jere: sunan taswira, ma'auni, kibiyar arewa, makullin alamomi, da tazarar da ke tsakanin layukan tsayi, ƙafa ce ko mita. Yawancin taswirorin Nijeriya da ke hannunmu tun shekarun 1960 da 1970 aka zana su, kuma da ƙafa aka rubuta tsayinsu. Ka gaya wa yara wannan, har da cewa garin da suka gani ɗan ƙarami a takarda wataƙila yanzu ya ninka sau da yawa. Duwatsu da koguna ne ba su gusa ba.

Bayan gefe, a bi ruwa da yatsa daga mafari zuwa inda ya fice daga takardar. Sai a nemo wuri mafi tsayi da mafi ƙasa. Sai garuruwa da hanyoyi. Sannan tambayar da na fi so: me ya sa mutane suka zauna a nan ba can ba? Me ya sa hanya ta yi wannan kwanar? Yaron da ya taso kusa da fadama zai ba ka amsar da ta fi ta littafi.

Mataki na 8: Lissafi uku da ke fitowa kullum

Nisa. A ma'aunin 1:50,000, santimita 1 tana madadin santimita 50,000, wato mita 500. Santimita 2 kilomita ɗaya ke nan. Hanya mai kwana-kwana da zare ake bin ta, a yi alama a zaren da biro, a miƙar da shi a kan rula. In ya ba da santimita 13, nisan kilomita 6.5 ne. Ka hana su jan zaren da ƙarfi, kuma ka hana zare mai talewa.

Ragewa da ƙarawa. In aka ce a rage taswirar 1:50,000 zuwa rabi, sabon ma'auninta 1:100,000 ne. Rabin ajin za su rubuta 1:25,000, don sun ji kalmar rabi sun raba lamba. Ka mayar da su taswirar aji da ta makaranta: wacce ce abubuwa suka fi ƙanƙanta a cikinta? Ta makaranta, mai 1:1,000. To lamba na girma, zane na ƙanƙancewa. A fara da zana firam ɗin da sabon tsawo da faɗi, a raba shi gida-gida daidai da na asali, sannan a kwashe abin da aka tambaya kawai.

Tsananin gangara. Ana raba nisan ƙasa da bambancin tsayi. A ce wuri na farko yana kan ƙafa 1,500, na biyu yana kan 1,250. Bambanci ƙafa 250. Tsakaninsu santimita 4 a taswira, wato mita 2,000. Mai gaggawa zai raba 2,000 da 250 ya ce 1 cikin 8, ya haɗa mita da ƙafa. Dole a mayar da su abu ɗaya: ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka ƙafa 250 mita 76.2 ce. A raba 2,000 da 76.2, a samu kusan 26. Amsa: 1 cikin 26, ma'ana duk tafiyar mita 26 an hau mita 1. Ka sa su faɗi wannan ma'anar da baki a kowace amsa. Wanda ya ce 1 cikin 8 a kan hanyar da layukanta ke a buɗe, shi da kansa zai ji abin bai zauna ba.

Mataki na 9: Yankan gefe

Ka ɗauko ɗaya daga cikin duwatsun yumɓun, ka raba shi biyu daga sama zuwa ƙasa, ka nuna musu fuskar yankan. Ita ake so su zana. A ɗora gefen farar takarda a kan layin da aka bayar a taswira, a yi alama a duk inda layin tsayi ya taɓa ta, a rubuta tsayinsa, a sa alamar rafi da hanya. A kai takardar ƙasan jadawalin tsayi, a ɗaga kowace alama zuwa tsayinta, a haɗa ɗigon da hannu. Ban da rula, ƙasa ba ta da kusurwa kamar haƙorin zarto. In alamomi biyu a jere tsayinsu ɗaya ne, a duba taswira: in kan tudu ne layin ya ɗan kumbura sama, in kwari ne ya ɗan lotsa.

Mataki na 10: A je a gani

Gani ya kori ji. Kusan kowane gari a arewa yana da dutse ko kwazazzabo a kusa: Dala da Goron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a hanyar Gusau. In babu, ramin da zaizaya ta ci a bayan gari ma aji ne.

Ka nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, da na iyaye, ka gaida mai unguwar wurin kafin ranar, ka kuma tabbatar da lafiyar hanya. Ka je kai kaɗai tukuna ka ga mahawa da inda zuma ke zama. A tafi da malami na biyu, in da 'yan mata a tafi da malama. A ɗauki ruwa, a kira suna kafin tashi da kafin dawowa. Da damina dutse santsi gare shi, da tsakiyar hunturu ƙura ba ta bari a ga nesa, a bazara kuma sai dai a fita da sassafe. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

A saman dutse, aiki na farko shi ne a juya taswira har arewarta ta dace da arewar ƙasa. Sai kowane rukuni ya nemo abu uku a ƙasa ya nuna su a takarda, ya kuma nemo uku a takarda ya nuna su a ƙasa. In ba ku da taswirar yankinku, ka buɗe Google Maps a gida inda kake da data, ka zaɓi yanayin da ke nuna tudu da kwari, ka ɗauki hoton allon wayar ka buga.

In fita ta gagara sam, a hau bene mafi tsayi da ke kusa, ko a zagaya makaranta washegarin ruwan sama a bi sawun da ruwa ya bari a yashi.

Mataki na 11: Duba aiki

Littafi 80 sau aji uku ba ya dubuwa a dare ɗaya, kuma malamin da ya ce zai yi haka kowane mako zai daina ba da aiki ne gaba ɗaya. Abin da nake yi: lissafin nisa da na gangara a yi musayar littattafai a aji, a duba tare a allo. Zane kuwa ni nake dubawa, rukuni biyu a rana, a ofishin malamai lokacin tara. Ina ajiye takarda a gefe ina rubuta kuskuren da ya maimaitu. In mutum 15 suka yi kuskure iri ɗaya, da shi zan buɗe darasi na gaba, minti biyar na farko.

Kada ka tsaya a jan biro kawai. Ka rubuta kalma biyu da yaro zai iya aiki da su: "duba ma'auni", "ƙafa ko mita?", "ina arewa?". Daga zangon ƙarshe na aji biyu, kowane mako biyu ka ba su tsohuwar tambayar jarrabawa guda ɗaya, da agogo a gabansu, kowa shi kaɗai, domin a rukuni mai rauni yakan ɓuya a bayan mai ƙoƙari.

Taswirorin kuma ka ƙirga su kafin ka fita daga aji, kowane lokaci. Da fensir kaɗai ake rubutu a kansu, a goge kafin a mayar. Kada a ninke su, ninki ne ke cinye layuka. Ka naɗe su ka zura a guntun bututun roba irin na famfo, ka toshe bakin biyu saboda gara da ɓera, ka rubuta adadinsu a jikin bututun, ka ajiye a saman kabad inda ɗigar rufi ba ta kaiwa.